Idon Baƙo: Ɗaukar Hoto da Wasannin Hausawa Daga Kaduna Zuwa Alaba Rago

Duk wanda ya bi tarihin hotunan bukukuwan Hausawa zai tarar cewa akasarin waɗanda suka riƙe kyamarar baƙi ne. Abin da muke son dubawa a wannan maƙala shi ne abin da idon baƙon ya zaɓa, da kuma abin da ya bari a gefe.

Hawan Sallah tsohuwar al'ada ce a biranen ƙasar Hausa, amma hawan daba Turawan mulkin mallaka ne suka zo da sunansa da tsarinsa daga Indiya, inda suka yi irinsa a birnin Delhi a 1877 da 1903 da 1911. An yi wa Yariman Ingila daba a Kano a 1925, aka yi wa Sarauniya Elizabeth ta Biyu a Kaduna a 1956. Hotunan da suka fito daga waɗannan taruka kusan kamarsu ɗaya: 'yan lifidi, da algaita, da mahaya suna jinjina. An shirya hawan ne domin babban baƙo, saboda haka talakan da ya yi sammako ya zo kallo sai dai a hango shi can baya cikin ƙura. Ko a bikin FESTAC na 1977, wanda aka yi a Ikko, a Kaduna aka shirya dabar, kuma da ita aka gabatar da Arewa ga duniya.

Alhali a lokacin Hausawa sun daɗe a Ikkon. Fataucin goro da hanyar jirgin ƙasa, wadda ta isa Kano a 1911, su suka raya Zangon Agege. Daga baya kasuwar Alaba Rago ta kafu a yankin Ojo, kan hanyar Badagry, ta zama matattarar dillalan raguna da masu hatsi da mahauta. Inda mahauta suka taru kuwa, ba a rasa kalangu da dambe. Gardawa ma sukan biyo jama'a da kurayensu da macizai da birai, su yi wasa, su sayar da magani.

Waɗannan gardawa su ne suka fi kowa fita duniya. Wani hoto da aka ɗauka da wayar hannu a titin Ikko, na mutane suna jan kura da sarƙa, ya isa hannun Pieter Hugo, mai ɗaukar hoto ɗan Afirka ta Kudu. Jita-jitar da ta raka hoton ita ce wai 'yan fashi ne ko masu karɓo bashi da ƙarfi. Hugo ya zo Nijeriya a 2005, ya same su a wajen Abuja, ya gane masu wasa ne da suka gaji sana'ar. Ya dawo a 2007, kuma a shekarar littafinsa The Hyena and Other Men ya fito.

Mun yaba masa da ya wanke su daga wannan ƙazafi. Sai dai shi da kansa ya bayyana cewa wasan nasu bai ɗauki hankalinsa ba. Don haka ya tsayar da gardi shi da kurarsa a kangon fili ko gefen titi, babu makaɗi, babu kirari, babu 'yan kallo. Ga Bahaushe kuwa, gardi ba ya cika sai da kiɗa da taron da ke jefa masa kuɗi. Bature ya ga ƙato da dabbar dawa, mu kuma da muka taso muna gudu idan an ce ga kura nan, mun san an cire rabin labarin.

Abin damuwar ya fi yawa a Alaba Rago. A watan Mayu na 2022 gwamnatin Jihar Legas ta ba mazauna kasuwar wa'adin kwana 14 su tashi, daga baya kuma aka rushe wasu sassanta. Hawan Kano ya shiga jerin al'adun da UNESCO ta amince da su a 2024, hotunansa kuma sun cika littattafai. Amma damben yamma da kiɗan mahauta na Hausawan Ikko, akasarin shaidarsu tana cikin wayoyin 'yan kallo da tsofaffin hotunan bangon shaguna. Ya kamata Sashen Hausa ya tura ɗalibai Ojo da Agege su tattaro su, su rubuta sunan ɗan wasa da makaɗinsa da shekarar da aka ɗauka, tun masu iya gane fuskokin suna da rai.