Minti 15 a rana, shekara 27: labarin Ma Perkins da masu garin sabulu

1/ Masu sayar da atamfa, turare da takalma a Instagram da WhatsApp, ku matso. Tambayar nan ta "yau kuma me zan ɗora?" ba a kanku aka fara ta ba. Wasu 'yan talla a Amurka sun yi fama da ita tun 1933, lokacin rediyo ne ke tashe. Zare ne, ku biyo ni 🧵

2/ Lokacin Amurka na cikin matsi tun bayan rushewar kasuwar hannun jari a 1929. Kamfanin Procter & Gamble (masu Ariel da Pampers ɗin nan) yana da garin sabulun wanki mai suna Oxydol, kuma ya san mai sayensa sarai: matar gida da ke aiki da rana, rediyo na kunne a gefe.

3/ Sai ya ɗauki nauyin wani wasan kwaikwayo, Ma Perkins. An fara shi a tashar WLW ta Cincinnati, garin da hedikwatar kamfanin take, a Agustan 1933. Kafin Disamba ta ƙare ya koma NBC, ƙasa duka na ji. Daga irin wannan haɗi na sabulu da wasa sunan soap opera ya samo asali.

4/ Labarin fa ba wani abin a zo a gani ba ne. Wata dattijuwa da mijinta ya rasu, tana da wurin sayar da katako a wani ƙaramin gari, ga 'ya'ya uku, ga maƙwabta masu kawo mata matsalolinsu. Shi ke nan. Minti 15, Litinin zuwa Juma'a, lokacin da kowa ya sani. Tallan Oxydol yana gefe, labari ne a tsakiya.

5/ Ga inda ni abin ya fi ɗaukar hankalina: ta yaya ake samun sabon abu sau biyar a mako, shekara da shekaru, ba a ƙafe ba?

6/ Frank da Anne Hummert, masu shirya shi, ba sa jiran basira ta sauko da safe. Suna zama su tsara inda labari zai dosa tun makonni kafin a watsa, wa zai yi rashin lafiya, wa zai ci bashi, yaushe asiri zai tonu. Sai su miƙa wa marubutan haya su cike da maganganu. Da wannan tsarin suka riƙe wasanni da yawa a lokaci guda, har ake ce wa ofishinsu masana'anta.

7/ Akwai dabara a cikin makon ma. Ana jan labari a hankali, ana maimaita abin da ya wuce, domin wadda kukan yaro ya hana ta jin na jiya kada ta ɓace. Ranar Juma'a kuma a yanke a daidai wurin da zai hana ka sukuni har Litinin. Duk wanda ya taɓa jiran Labarina ko Kwana Casa'in ya san wannan azabar 😅

8/ A ganina nan da yawanmu ke kuskure shawarar "ka riƙa ɗora abu kullum". Mutum ya ɗora hoto tara ranar Asabar, duka farashi, sannan ya yi ɓatan dabo mako uku. Su Hummert sun raba aiki biyu: ranar tunani daban, ranar fitarwa daban. Mai shago ɗaya ma zai iya, da littafi da biro ranar Lahadi: Litinin sabon kaya, Laraba yadda ake gane na jabu, Juma'a amsar tambayoyin kwastomomi.

9/ Ba komai nasu ne abin koyi ba dai. Marubutan da ke zuba maganganun nan galibi ba a ambaton sunansu, yabo ya tafi ga masu gida. In kana da mai riƙe maka shafi, ka biya shi hakkinsa.

10/ Virginia Payne, wadda ta fito a matsayin Ma, tana 'yar ashirin da wani abu ta fara kwaikwayon muryar tsohuwa. Ta yi shekara 27 ba ta yi fashi ba, shiri sama da 7,000.

11/ Oxydol ya janye a 1956, talabijin ta kwashe jama'a, aka rufe wasan ranar 25 ga Nuwamba 1960. Amma kamfanin ya riga ya bi masu kallo can: wasansa Guiding Light, da aka fara a rediyo a 1937, ya shiga talabijin a 1952, bai tsaya ba sai 2009.