Daga Sarkin Baka zuwa lasin: tarihin izinin harbin naman dawa

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Katsina da kaka, tun daga Dawanau har ya wuce Bici, ba zai ga wani sarari da zai ɓoye gwanki ba. Gona ce ke bin gona, gero da dawa da gyaɗa da wake, sai ɗorawa da tsamiya da gawo waɗanda aka bari da gangan saboda amfaninsu. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Bici mutum sama da 270,000 a kan fili da bai wuce murabba'in kilomita 600 da 'yan kai ba. A irin wannan cunkoso, babban nama shi ne zomo. Duk da haka sarautar Sarkin Baka ba ta mutu ba a ƙasar Kano, kuma da an gama girbi gangar farauta takan tashi. To, wa ke ba maharbi izini, kuma in nama ya yi kaɗan masu nema suka yi yawa, ta yaya ake rabawa? Kowace al'umma da yadda ta warware wannan, mu ma muna da tamu hanyar da muka biyo.

Tarihin Kano kansa da farauta ya soma. Kundin tarihin sarakunan Kano ya kawo Barbushe, na zuriyar Dala, a matsayin ƙaton maharbi mai kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka. Ko da an cire gishirin da masu ba da labari suka zuba, abin da ya rage shi ne akwai lokacin da giwa ke kiwo kusa da dutsen Dala. Sai dai wannan lokaci ya daɗe da wucewa a arewacin Kano. Da Bajamushen nan Barth ya biyo hanyar Katsina zuwa Kano a farkon 1851, ta Kusada da Bici, ƙasa nomammiya ya tarar, cike da ƙauyuka da shanu. Kenan tun kafin Bature ya zo da doka, fartanya ta riga ta kori manyan dabbobi daga wannan yanki. Maharbin Bici da ke son ɓauna ko kanki, tun kakanni tafiya yake yi.

A tsarin da, ba kowa ne ke shiga daji da baka ba. Akwai maharbi, wanda ya gaji sana'ar, yake fita shi kaɗai ko su biyu, da kwari da baka da dafin kwankwani a bakin kibiya, da layu da guraye, ya kwana a kan reshe yana jiran abin da zai zo shan ruwa. Akwai kuma mafarauta na gayya, samarin gari da 'yan tauri, masu fita da rani. Wannan ita ce farautar da mutumin Bici ya fi sani. Ana sa rana, a aika wa ƙauyukan da ke kewaye, da asuba a haɗu a bakin gari da karnuka da gora da barandami, makaɗi na zuga kowa da kirarinsa. A ja layi a kutsa cikin sabara da geza. Zomo ya tashi, gora goma ta bi shi a iska, kare ya cafke, sannan a shiga abin da ya fi kisan wuya, wato tantance mai shi. Wanda ya fara jifa ya ce nasa ne, mai kare ya ce nasa ne, wani ƙaƙƙarfa daga wani gari ya sa hannu ya ce a ƙwata in an isa. An sha zubar da jini a kan abin da bai cika tukunya ba.

Amma a bayan wannan hayaniya akwai tsari. Da damina ba a farautar gayya, domin kowa na gona, ciyawa ta rufe daji, dabbobi kuma na haihuwa. A ƙasashen da al'adun Maguzawa suka yi ƙarfi, kamar wajen Maraɗi da Ƙonni, sai an yi bikin buɗin daji kafin a shiga. Sarkin Baka ko Sarkin Dawa shi ke faɗin inda za a nufa, shi ke raba gardama, shi ke kai wa mai gari rabonsa. Abin da ya shafi alfarma, irin su hauren giwa da fatar zaki, fada ake kaiwa. Malamai ma sun sa nasu hannun: duk almajirin da ya karanta Risala ya san an halatta farauta don buƙata, an karhanta ta in don wasa ce kawai. Irin wannan tsari na rufewa da buɗewa shi ne har yau ake gani a Argungu, inda ake hana su a Matan Fada sai ranar da aka yarda. Abu ɗaya ne babu a tsohon tsarin, wato adadi. Ba wanda ya taɓa cewa bana gwanki goma za a kashe a dajin nan. Ba a kuma buƙaci hakan ba, saboda gajartar zangon kibiya da tsoron iskokin daji sun isa birki.

Ƙarshen ƙarni na 19 ya zo da abubuwa a jere. Annobar shanu ta farkon shekarun 1890 ta share garken Fulani, ta haɗa da ɓauna da dangoginta. A 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a Burasel ta taƙaita shigo da bindigogin zamani Afirka, abin da ya bar baƙar fata da bindigar ɗuri, Bature da mai harsashi. A 1900 kuma suka zauna a Landan suka tsara yadda za a kare namun dajin Afirka. Jerin da suka fitar yana da ban mamaki ga mai karatu a yau: raƙumin dawa da ungulu da mujiya na cikin waɗanda za a kare, zaki da damisa da kura da kada kuwa an sa su cikin masu ɓarna da ya kamata a rage. Yarjejeniyar ba ta yi aiki yadda aka so ba, amma daga cikinta dokokin yankunan mulkin mallaka suka tsiro. Kano ta faɗa hannun Ingila a 1903, a 1916 kuma Nijeriya ta samu dokar kare namun daji.

Da wannan doka takarda ta shigo cikin farauta. Aka kasa dabbobi gida-gida: waɗanda ba a taɓawa sam, da waɗanda sai da lasin kuma ƙayyadaddu, da sauran. A karon farko adadi ya bayyana, sai dai adadin na kan mutum ne, ba a kan daji ba. Lasin yana cewa mai riƙe da shi kada ya wuce kaza, amma ba wanda ya ƙirga abin da ke cikin dajin, balle a san lasin nawa ya dace a sayar. Kuma mai kuɗin saye da bindigar da ta dace, galibi Razdan ne da Di'o da ma'aikatan kamfanoni. A lokaci guda jirgin ƙasa ya iso Kano, cinikin gyaɗa ya ɓarke daga 1912, sauran saurukan da ke tsakanin ƙauyuka suka koma gonaki. A ganina gyaɗa ta kashe naman dawa a arewacin Kano fiye da duk bindigogin ɗurin lardin.

Da aka ga lasin bai tsare komai ba, sai aka koma killace daji. Dajin Kogin Kano da ke kudancin lardin ya zama gandun En'e a shekarun 1940, aka ɗaga shi zuwa gandun namun daji a shekarun 1960, shi ne Falgore na yau, a yankin Doguwa da Tudun Wada da Sumaila. An keɓe Yankari a 1956, aka buɗe wa masu kallo a 1962. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata dokar namun daji a 1963, wadda jihohin da aka yanka daga baya suka gada. A 1985 gwamnatin soja ta fitar da doka mai lamba 11 kan dabbobin da ke gab da ƙarewa. Kowace doka ta ƙara jerin abin da aka hana, ba wadda ta ba maharbi dalilin son dabbar ta yawaita. Tsakaninsa da malamin daji sai wasan ɓuya.

Amurka ta faɗa irin wannan rami, ta fi mu zurfi ma. Ɓaunarsu da ake ƙiyastawa da miliyoyi masu yawa ta dawo 'yan ɗaruruwa a daji kafin 1890, saboda masu harbi don sayar da fata. Mafarautan da kansu ne suka tsorata. Theodore Roosevelt da abokansa suka kafa ƙungiya a 1887, a 1900 aka yi dokar da ta hana safarar naman da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba daga jiha zuwa jiha, a 1937 kuma aka keɓe harajin da ke kan bindiga da harsashi, aka ce kuɗin ba inda za su sai aikin kula da namun daji. Ƙa'idar da suka tsayu a kai ita ce dabbar daji ba ta mai fili ba ce, amanar jama'a ce a hannun jiha. Da dabbobi suka farfaɗo, ma'aikata suka riƙa ƙirga su, har da jirgin sama, yanki-yanki, su ce bana wannan yanki zai iya ba da kaza ba tare da garke ya ragu ba. Kowace dabba ɗaya da katinta, wanda maharbi zai ɗaura mata da zarar ta faɗi. In masu nema sun fi katin yawa, sai ƙuri'a. Jihar Men da ta sake buɗe farautar babbar dabbar nan da suke kira mus a 1980, kati 700 ta fitar, ta hanyar ƙuri'a.

Ƙuri'a kuwa ba ta san wanda ya daɗe yana jira ba. Wani ya nema shekara goma bai samu ba, wani ya samu a karon farko. Ƙorafi ya yi yawa, sai jihohin yamma suka ƙirƙiro maki: duk shekarar da ka nema ka rasa, an rubuta maka ɗaya. Kolorado ta ɗauki hanyar ba mai maki mafi yawa fifiko. Wayomin, a rabon baƙi daga wasu jihohi, takan ba masu maki kashi 75 cikin 100, sauran 25 a jefa ƙuri'a. Nebada tana ninka makin mutum da kansa, mai maki 5 ya samu ƙarin damar 25, amma ba tabbas. Aidaho da Sabuwar Meziko suka ƙi tsarin gaba ɗaya, kowace shekara kowa daidai yake da kowa.

Mutumin Bici zai ce ai wannan adashi ne, ka zuba ka jira kwasarka. Bambancin shi ne a adashi an san yawan masu zubi, a nan kuwa kullum ƙaruwa suke, katin bai ƙaru ba. Don haka makin da ake buƙata a yankuna masu kyau yana hawa kusan kowace shekara, wanda ke baya yana bi ba ya cimmawa. Akwai wuraren da sai mai maki sama da 20 ke samu, ma'ana yaron da ya fara nema yau zai yi furfura a layi. Ga kuɗin da ake biya duk shekara don kada maki ya zube. Ga kuma 'yan katunan da ake gwanjonsu: a 2013 an sayi katin ragon dutse ɗaya na jihar Montana dala 480,000. Tsarin da aka gina don talaka da mai kuɗi su tsaya layi ɗaya ya buɗe wa mai kuɗi ƙofar gefe, ko da yake kuɗin na komawa daji. Ban ga abin kwaikwayo a makin ba. Abin kwaikwayon yana ƙasa da shi, wato ƙirga, da mayar da kuɗi inda aka samo su. Pakistan ta gane haka da akuyar dutsenta: lasin kaɗan take sayarwa a shekara, kashi 80 cikin 100 na kuɗin na zuwa ga ƙauyukan da ke tsaron dabbar, kuma garken ya ƙaru.

Ba sai an je nesa ba ma. A Nijar, raƙuman dawan Kure da ke kusa da Yamai sun ragu zuwa kimanin 50 a tsakiyar shekarun 1990. Aka hana taɓa su, aka riƙa ƙirga su ɗaya-ɗaya ta zanen jikinsu, aka sa mutanen ƙauyuka cikin cin moriyar masu zuwa kallo. Yau sun haura 600, kuma a cikin gonakin gero suke kiwo, ba a wani gandu mai shinge ba.

A wajenmu takardar da ta rage a hannun mafarauci yawanci ba ta nama ba ce, ta bindiga ce, wadda dokar makamai ta 1959 ta sa a hannun 'yan sanda, sai katin ƙungiya. Da rani za ka ga motar ɗaukar kaya ta tashi daga wani ƙauyen Kano, mutane a sama, karnuka a ɗaure a tsakiya, an nufi dazukan Bauci ko Neja ko Taraba, wasu har kudu. Falgore da ya kamata ya zama taskar jihar ya fi suna da ɓarayin shanu da masu tare hanya a shekarun baya, har sojoji suka kafa sansanin horo a ciki. Mafarauta da yawa sun koma aikin sa-kai, suna farautar mutane maimakon dabba. Tafiyar nesa kuma ta zama kasada: a watan Maris na 2025 aka tare wasu mafarauta 'yan Kano a Uromi ta jihar Edo suna hanyar dawowa gida yin sallah, aka ga bindigogin ɗuri a motarsu, aka kashe 16. Bayan wannan an yi ta maganar rajistar mafarauta da ba su shaidar da kowace jiha za ta amince da ita. Ko an yi hakan, shaidar za ta faɗi ko wane ne mutumin da inda ya fito, ba za ta faɗi gwanki nawa ya rage a dajin da ya nufa ba, domin wannan aikin ƙirga ne, kuma dokar 1963 da jihohi suka gada ba ta tanadi asusun da zai biya shi daga kuɗin mafarauta ba.