Gadon Satchel Paige Tsakanin Riwaya da Daftari: Tahƙiƙi a Kan Gwanintar da Aka Ƙi Rubutawa

Tsakure

Wannan maƙala tana duba abin da Leroy Robert Paige, wanda duniya ta sani da Satchel Paige, shahararren majefin ƙwallon besbol daga baƙar fatar Amurka, ya bari a bayansa, tana kuma bin mas'ala guda, wato yadda ake tabbatar da darajar gwani idan masu riƙe da alƙalami a zamaninsa sun ƙi rubuta aikinsa. An auna riwayoyin baka da abin da jaridu suka adana, sa'an nan aka kawo mas'alar gida, wajen ƴan kokawar ƙasar Tasawa da Mayahi.

Gabatarwa

Da yake besbol ba wasan ƙasarmu ba ne, ya wajaba a fara da bayanin cewa ruhinsa yana ga mutum biyu, majefi wanda ke wurga ƙwallo daga nisan mita 18 da ɗoriya, da mabugi wanda ke tsaye da kulki yana neman ya make ta. Idan ƙwallon ta kuɓuce wa mabugi sau uku, an fitar da shi ke nan. Amurkawa kuwa sun ɗauki lissafin wannan wasa da muhimmanci ƙwarai, ta yadda babu jifa ko bugu a manyan gasanninsu face an shigar da shi daftari, kuma da wannan daftari ake yi wa ɗan wasa hukunci bayan mutuwarsa. Saboda haka duk wanda aka hana shi shiga waɗannan gasanni, haƙiƙa an yi masa zalunci biyu, an hana shi fili yana raye, an kuma hana shi shaida bayan ya tafi.

Rayuwarsa a zamanin wariya

An haifi Paige a birnin Mobile na jihar Alabama ranar 7 ga Yuli 1906, shekara goma bayan Kotun Ƙolin Amurka ta halatta raba baƙi da farare a wuraren jama'a a hukuncinta na 1896. Yana ɗan shekara goma sha biyu aka kai shi makarantar horon yara ta Mount Meigs, inda ya yi kimanin shekara biyar, a can kuma ya koyi jifa. Babu wata doka rubutacciya da ta hana baƙi shiga manyan gasanni, ijma'i ne kurum na masu ƙungiyoyi wanda suka riƙe tun ƙarshen ƙarni na 19, abin da ya sa Rube Foster ya kafa gasar baƙi a Kansas City a 1920. A cikin wannan duniya ta biyu Paige ya fara sana'a a Chattanooga a 1926, ya wuce Birmingham Black Barons, ya shiga Pittsburgh Crawfords tare da mabugi Josh Gibson, ya jagoranci ƙungiyar Bismarck mai haɗe da baƙi da farare ta ci gasar Wichita a 1935, ya tafi Jamhuriyar Dominika a 1937 ya yi wa ƙungiyar shugaba Trujillo wasa, kafin ya zauna a Kansas City Monarchs. Galibin wasanninsa kuwa na yawo ne gari gari, yau nan gobe can, a karɓi rabon kuɗin ƙofa a wuce, ba tare da wani ya zauna ya rubuta abin da ya gudana ba.

Mas'alar hujja

A nan ne mai bincike yake cin karo da wahala. Paige da kansa ya riƙa faɗin cewa ya yi jifa a wasanni kimanin 2,500 ya ci kimanin 2,000, alhali daftarin manyan gasanni kafin 2024, inda bai samu shiga ba sai ƙarfinsa ya fara ja baya, ya ba shi nasara 28 da faɗuwa 31 kacal. Wanda ya tsaya ga daftari kaɗai zai ɗauke shi ɗan wasa matsakaici, wanda ya karɓi maganarsa ba tare da tahƙiƙi ba kuwa ya karɓi shaidar mutum ga kansa, wadda alƙali ba ya gina hukunci a kanta.

Malamanmu na hadisi sun daɗe da shimfiɗa hanyar fita daga irin wannan, domin sun koya mana a dubi isnadi kafin a dubi matani, a kuma bambanta labarin da jama'a masu yawa suka ruwaito ta hanyoyi mabambanta da wanda ya fito ta bakin mutum guda. Idan aka ɗora riwayoyin Paige a wannan ma'auni, to, asalin gwanintarsa ya kai matsayin tawaturi, tun da jaridun baƙi irin su Pittsburgh Courier da Chicago Defender sun shaide ta a lokacin da abin yake faruwa, kuma fararen da suka kara da shi a wasannin yawo, waɗanda ba su da wata maslaha cikin yabonsa, sun yi iƙirari da ita: Dizzy Dean, wanda ya yi ta karawa da shi daga 1934, da Joe DiMaggio, duka sun sanya shi a sahun gaba na majefan da suka taɓa gani.

Amma fa tafsilin labaran wani abu ne daban. Mafi shahara cikinsu shi ne na gasar ƙarshe ta baƙi ta 1942 tsakanin Monarchs da Homestead Grays, inda ake cewa Paige da gangan ya bar mabuga suka wuce domin Gibson, wanda a lokacin yake wa Grays wasa, ya zo gabansa, ya kuma riƙa sanar da shi irin jifan da zai yi kafin ya yi. Buck O'Neil, abokin wasansa, ya yi shekaru yana ba da wannan labari da fasaha mai kama zuciya. Da masu bincike suka koma ga jaridun makon, sai suka tarar lalle Paige ya fitar da Gibson da jifa uku a daidai lokacin da mabuga uku ke jiran dawowa gida, amma waɗannan mabuga da bugunsu suka wuce, ba da izininsa ba. Ga ra'ayin mai wannan maƙala, wannan bincike bai rage wa Paige komai ba, ya dai nuna yadda riwaya take aiki, tana riƙe ƙashin al'amari da aminci, tana yi masa ado a wurin da mai sauraro yake son ado. Shi ma Paige, Allah ya ba shi baki, ya taimaka wajen adon, har shekarunsa ya mayar abin wasa da ƴan jarida, sai da Bill Veeck, mai ƙungiyar Cleveland, ya nemo takardar haihuwarsa a Mobile a 1948.

Shaidar da ta zo a makare

Jackie Robinson, wanda ya yi wasa da Paige a Monarchs a 1945, shi ya fara keta shingen wariya a manyan gasanni ranar 15 ga Afrilu 1947. Paige bai samu shiga ba sai a Yulin 1948, yana da shekara 42, lokacin da Veeck ya ɗauke shi a Cleveland. Ya ci wasa 6 ya faɗi 1, mutum 78,382 suka cika fili a daren 20 ga Agusta domin ganinsa, ƙungiyar ta ɗauki kofin shekarar. Ranar 25 ga Satumba 1965, yana da shekara 59, ya yi wa Kansas City Athletics jifa zagaye uku a kan Boston, ba a ci shi ko ɗaya ba. Wannan ita ce hujjar ƙiyasi mafi ƙarfi da muke da ita, domin idan tsufansa ya yi haka a gaban marubuta, hankali ba zai ƙi abin da aka ruwaito game da ƙuruciyarsa ba.

Bayan shahararren mabugi Ted Williams ya yi kira a 1966 a karrama ƴan wasan baƙi, da fitowar littafin Robert Peterson a kan gasannin baƙi a 1970, aka shigar da Paige zauren girmamawa na Cooperstown a 1971, ko da yake da farko an yi niyyar ware wa baƙi sashe dabam sai da jama'a suka yi ca. Ya rasu a Kansas City ranar 8 ga Yuni 1982. A Disamban 2020 hukumar manyan gasanni ta amince da gasannin baƙi bakwai na 1920 zuwa 1948, masu ƴan wasa kimanin 3,400, a Mayun 2024 kuma ta haɗa lissafinsu da nata. Adalci ne, sai dai naƙasasshe, domin wasannin yawo, waɗanda su ne mafi yawan aikinsa, ba su shiga ba. Akwai kuma tsoron kada daftarin da aka haɗe ya sa na baya su manta cewa da can biyu ne, kuma da gangan aka raba su.

Mas'alar a ƙasar Tasawa da Mayahi

Ba wariyar launi ce ta hana a rubuta ƴan kokawarmu ba, rashin kulawar masu mulki ne da ganin da malamai suka yi wa wasan a matsayin lagawu, amma sakamakon ya zo ɗaya. Lissafin sarakunan kokawa na Nijar ya fara ne daga gasar ƙasa ta farko a Tawa a 1975, zamanin Seyni Kountché, wadda Yakuba Kantu na Maraɗi ya ci, filin kokawar Maraɗi kuma yana ɗauke da sunansa. Waɗanda suka yi tashe a dandalin ƙauyukan Tasawa da Mayahi bayan kaka kafin wannan shekara kuwa, sunayensu suna cikin kirari da bakin makaɗa ne kurum, kamar yadda Shago ɗan dambe ya wanzu ta waƙoƙin Ɗan Anace. Makaɗi kuwa mai yabo ne da ake biya, matsayinsa a isnadi matsayin O'Neil ne, a karɓi asali daga gare shi a yi hattara da adadi. Abin da ya kamaci mai bincike a waɗannan gundumomi shi ne ya fara da dattawan garin da aka kayar da gwaninsu, ya tambaye su wa ya kayar da shi, a wane dandali, a zamanin wane sarki ko shekarar wace yunwa, sa'an nan ya kai amsarsu garin mai nasara ya gwada ta da abin da makaɗansa suke faɗa.