Tayar da ba ta buƙatar iska: me ya sa har yau ba ta shiga motarka ba?

Idan ka taɓa ganin hoton wata taya mai ramuka a gefe, wadda ake cewa ƙusa ba ta iya yi mata komai, wataƙila ka ɗauka sabuwar fasaha ce. To, a gaskiya ita ce tsohuwar. Kekuna da motocin farko a kan dunƙulalliyar roba suke tafiya, babu iska ko kaɗan, kuma duk wani dutse da aka taka sai mahayi ya ji shi a ƙashin bayansa.

Wani ɗan Scotland mai suna Robert William Thomson ya yi rajistar taya mai iska tun 1845, amma ba ta karɓu ba. Sai a 1888 John Boyd Dunlop, likitan dabbobi a Belfast, ya sake ƙirƙiro ta bayan ya gwada a keken ɗansa mai ƙafa uku. A 1895 'yan'uwan nan biyu, André da Édouard Michelin, suka sa ta a motar da ta shiga tseren Paris zuwa Bordeaux da dawowa. Sun sha faci a hanya, amma daga nan dunƙulalliyar roba ta fara ja da baya.

Ka tsaya ka duba abin da iska take yi. Kusan ba ta da nauyi, kuma idan taya ta taka dutse, matsin yana bazuwa cikin tayar baki ɗaya, ba wurin da ya taɓa ƙasa kaɗai ba. Roba kuwa duk lokacin da ta lanƙwashe ta miƙe, wani ɓangare na ƙarfin yana komawa zafi. Yawan robar da ke lanƙwasa, yawan zafi, yawan man da injin zai sha. A hankali ba matsala. Amma a kan babbar hanya, inda taya ke juyawa fiye da sau goma a daƙiƙa ɗaya, zafin nan yana taruwa. Sannan ga wata dama da ba a cika lura da ita ba: za ka iya ƙara iska idan ka yi lodi, ka rage idan za ka shiga yashi. Taya marar iska yadda aka ƙera ta haka za ta zauna.

Duk da haka masana ba su haƙura ba. A 1971 'yan sama jannatin Apollo 15 sun tuƙa mota a duniyar wata da tayoyin da aka saƙa da wayar ƙarfe. Ta yi aiki, sai dai gudunta bai wuce kusan kilomita 13 a awa ba. A 2005 Michelin ya fito da Tweel, mai sandunan roba masu lanƙwasa a maimakon iska. Gwajin farko a mota ya nuna girgiza da ƙara da zafi da zarar an wuce kilomita 80 a awa. Ina ta ƙare? A injin yankan ciyawa da ƙananan motocin kwasar ƙasa a wurin gini, inda ƙusa ta yi yawa, gudu kuma babu. A ganinmu nan ne ainihin gidanta a yanzu.

Bridgestone ya nuna tasa a Tokyo a 2011. A 2019 Michelin da General Motors suka gabatar da Uptis, suka ce tana iya shiga motocin kasuwa a 2024. Shekarar ta zo ta wuce. Abin da aka gani shi ne gwaji a motocin kai saƙo, na DHL a Singapore da na gidan waya a Faransa, tun daga 2023.

Hujjar Michelin ba ƙarama ba ce: ya ce kimanin taya miliyan 200 ake zubarwa duk shekara kafin lokacinsu, saboda huda ko rashin daidaiton iska. Amma ka yi tunanin hanyar laka da damina. Taɓo ko tsakuwa na iya maƙalewa a ramukan gefen, tayar ta rasa daidaito ta fara rawa. Kuma idan sandunan suka karye, mai facin bakin titi ba abin da zai iya yi maka, domin robar a manne take da wilin. Sai dai ka sayi sabuwa gaba ɗaya.