Daga wasiƙar 'yan bida zuwa salula: su wa aka bari a baya a Adar?

Ina yaro a wani ƙauye na ƙasar Buza, idan wasiƙar mahaifinmu ta iso daga Abijan, mahaifiyata kan ɗauke ta zuwa wurin mushen lekol ya karanta mata. Duk sirrin gidanmu sai ya bi ta bakin wani. Daga baya 'yan bida suka koma aiko kasat, ta samu sauƙi, domin kunne ba ya buƙatar boko.

Salula ta shigo Nijar a 2001. Muka ɗauka wahalar ta ƙare, ashe kama ta sauya. Yau a Madawa da Keita akwai uwayen da waya ke hannunsu, amma idan saƙon kuɗi ya shigo sai sun nemi yaro ko mai shagon caji ya duba musu, har da ba shi lambar sirri. Malamai kuma na tura sanarwa ta WhatsApp, su ɗauka kowane gida ya gani.

Tarihin yankinmu ya nuna cewa hakan na da magani. A 1984, bayan fari, aka soma aikin raya ƙasar Keita da kuɗin Italiya, tare da FAO da PAM. Mata ne suka fi yawa wajen ɗaukar duwatsu da dashen itatuwa, ana biyan su da abinci. Aikin ya tsaya da ƙafarsa ne domin an koya wa mutanen wurin da hannunsu.

Haka aka sake gani a 2010, shekarar ƙarancin cimaka, lokacin da ƙungiyar Concern ta raba tallafin kuɗi a ƙauyuka 96 na jihar Tawa. A wasu ƙauyukan an ba mata wayoyi, an koya musu karɓar kuɗi ta Zap. Binciken Jenny Aker ta jami'ar Tufts ya gano cewa waɗannan matan sun rage ɓata lokacin tafiya da jira, kuma abincin gidajensu ya ƙara yawan iri. Yawancinsu ba su taɓa shiga aji ba. A Dosso da Damagaram ma, shirin yaƙi da jahilci na ABC ya nuna cewa manyan da aka haɗa wa karatu da waya sun fi riƙe abin da suka koya.

Don haka nake roƙon daraktocin makarantu da kwamitocin iyaye: ku ware yamma ɗaya a mako, ɗalibai su koya wa iyayensu mata karanta lambobi, duba saƙon kuɗi da ɓoye lambar sirri. Sanarwar makaranta kuwa a aika ta da murya cikin Hausa, a kuma maimaita ta a masallaci da rediyon gari saboda gidajen da ba su da waya. Mahaifiyata ta rasu ba ta taɓa karanta saƙon mijinta da kanta ba. Ba na son 'yata ta ba da irin wannan labari a kan uwarta.