Zumunta a Ƙafa Take: Waiwaye Kan Zaman Musulmi da Kirista a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Duk lokacin da aka tashi ba da tarihin Musulmi da Kirista a kudancin Jihar Katsina, sai a fara da watan Maris na 1987, lokacin da wutar rikicin Kafanchan ta tsallako har Funtuwa aka ƙona majami'u. Ba mu musun wannan. Sai dai muna ganin an bar wani tarihi da ya girme shi, kuma ya fi shi tsawon rai, wato tarihin hidima da maƙwabtaka.

Da farko ya kamata mu tuna cewa Kiristocin karkarar Malumfashi da Kafur da Bakori ba baƙi ba ne. Akasarinsu jikokin Maguzawa ne, Hausawa tsantsa, waɗanda wasu daga cikin danginsu suka musulunta, wasu kuma suka shiga coci. Shi ya sa za ka tarar da gida guda, wa Musulmi, ƙane Kirista, gonar gadonsu ɗaya.

Hanyar da mishan suka bi suka zauna a ƙasar Katsina ma ta jinya ce. Turawan mulki sun daɗe suna hana su wa'azi a masarautun Musulmi. Sai a ƙarshen shekarun 1930, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, aka damƙa wa ƙungiyar SIM aikin kula da kutare a Babbar Ruga. Sarki Musulmi ya amince, ma'aikatan jinya Kiristoci suka wanke gyambo, majinyata kuwa yawancinsu masu salla ne. Gaskiya ne mishan na da burin samun mabiya, sarakuna kuma suna sa ido, amma wanda ya warke ba ya manta hannun da ya ɗaure masa ciwo. SIM ta kafa tasha a Malumfashi, cocin ECWA ya tsiro daga aikinta a 1954. 'Yan Katolika kuma, bayan an ba limamansu na ɗarikar Dominikan yankin Sakkwato a 1953, suka kafa majami'u a Funtuwa da Malumfashi.

Amma inda zumuncin ya yi saiwa shi ne gona. Mun tashi mun ga gayya ba ta tambayar addini. Ranar huɗa ko cirar auduga kowa da garmarsa ko buhunsa, a sha kunu a ƙwarya ɗaya. Idan azahar ta yi a dakata wa masu salla, ranar Lahadi kuma maƙwabci ya duba wa mai zuwa coci shanunsa. Naman layya ya tsallaka katanga, shinkafar Kirsimeti ta dawo a kwano guda.

Wannan zumunci ya sha jarrabawa. A watan Mayu na 2021 'yan bindiga suka kashe Fada Alphonsus Bello a Malumfashi. A watan Agusta na 2025 kuma suka buɗe wa masu sallar asuba wuta a masallacin Unguwar Mantau. Ashe harsashi bai san liman ba, bai san fada ba. Tsakanin waɗannan baƙaƙen ranaku, a 2023, aka naɗa ɗan Malumfashi, Gerald Mamman Musa, bishop na farko na Katolika a Katsina, Bahaushe ɗan ƙasa.

Saboda haka muna kira ga 'yan uwa marubuta. Ranar tarzoma tana da masu rubuta ta, jaridu sun ishe ta. Shekarun zaman lafiya kuwa suna bakin tsofaffi, kullum kuma ƙasa na rufe su. Mu ɗauki alƙalami mu nufi ƙauyuka, mu tambayi wanda ya yi gayya da wanda ya yi jinya, tun suna da rai. Idan muka yi sakaci, 'ya'yanmu za su gaji labarin gaba kawai, su ɗauka haka aka taso.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.