Sussan Deyhim da waƙoƙin Sufayen Farisa a ƙasashen Turawa

A shekarar 2000 kamfanin faifai na Crammed Discs da ke birnin Burusel ya fitar da wani faifai mai suna Madman of God, wato wanda son Allah ya zautar, irin mutumin da Sufaye ke kira majzubi. Baitocin da ke cikinsa na manyan shaihunnan Farisa ne, su Jalaluddin Rumi da Sa'adi da Jami, kuma da Farisanci aka rera su. Mai rerawar, Sussan Deyhim, haifaffiyar Tehran ce wadda a lokacin ta shekara 20 tana zaune a New York. A ƙasar haihuwarta kuwa, tun bayan juyin juya halin 1979, hukuma ta hana mace ta tsaya ita kaɗai ta yi waƙa gaban maza.

Ga almajirin ilimi na Tasawa ko Mayahi, Farisa ba ta kai nisan da taswira ke nunawa ba. Shehu Abdulƙadir Jilani, wanda ɗariƙar Ƙadiriyya ke ɗauke da sunansa, mutumin lardin Jilan ne a arewacin Iran ta yau, kafin ya koma Bagadaza inda ya rasu a 1166. Imam Gazali, mai littafin Ihya'u, ɗan garin Ɗus ne. Shi ma bandirin da Shehu Nasiru Kabara ya ɗaukaka a Kano, jinsinsa ɗaya da gangar da Farisawa ke kira daf. Duk wanda ya taɓa kwana a zauren Maulidi yana jin ana rera Ishiriniya ya san abin da murya ke yi wa baiti, ko da Larabcinsa bai taka kara ya karya ba.

Sai dai Deyhim ba daga zawiya ta fito ba. Da rawa ta fara. An haife ta a ƙarshen shekarun 1950, ta shiga ƙungiyar rawa ta Pars tun tana yarinya, a zamanin da bikin fasaha na Shiraz, wanda aka riƙa yi daga 1967 zuwa 1977, ke haɗa makaɗan gargajiya na Asiya da Afirka da masu sabon salo na Turai a dandali guda. Cikin baƙin wannan biki har da Maurice Béjart, Bafaranshe gwanin tsara rawa, wanda ya musulunta a 1973 bayan haɗuwarsa da wani malamin Sufaye a Iran. A 1976 Deyhim ta sami gurbin karatu a makarantarsa ta Mudra a Burusel, daga nan ta shiga ƙungiyar rawarsa. (Shekara guda bayan zuwanta ne Béjart da Shugaba Senghor suka buɗe Mudra Afrique a Dakar, suka damƙa ta ga Germaine Acogny.) Juyin juya hali ya same ta a waje, a 1980 ta wuce New York, ta juya daga rawa zuwa murya.

A can ta haɗu da Richard Horowitz, Ba'amurke mai busa sarewar nay wanda ya daɗe a Maroko, kuma yana cikin waɗanda suka yi wa fim ɗin The Sheltering Sky kiɗa, fim ɗin da aka ɗauki wani sashensa a Agadas. Faifansu na 1986, Desert Equations: Azax Attra, ya nuna hanyar da za ta bi: ta naɗi muryarta sau da yawa, ta ɗora wannan bisa wancan, ta gauraya karkarwar maƙogwaro irin ta mawaƙan Farisa da numfashi da ƙaraji da sautin na'ura, har mai sauraro ya ɗauka mata goma ne ke amshi.

Aikin da ya fi fito da ita na 1998 ne, gajeren fim mai suna Turbulent na Shirin Neshat, ita ma Ba'iraniya mazauniyar Amurka. Ana haska shi a kan bango biyu masu fuskantar juna, ɗan kallo na tsakiya. A bango ɗaya namiji ne cikin farar riga yana rera baitocin Rumi, da muryar shahararren mawaƙi Shahram Nazeri, zaure cike da maza, da ya gama aka yi masa tafi. A ɗaya bangon mace ce lulluɓe da baƙin mayafi, ta juya baya, kujerun gabanta babu kowa. Deyhim ce. Da nata lokaci ya zo, ba ta furta kalma ko ɗaya mai ma'ana ba, sai guɗa da nishi da kuka da wani gurnani mai tashi daga ƙirji, shi kuwa namijin ya yi tsaye yana kallo daga nasa bangon. Neshat ta ci babbar kyautar bikin fasaha na birnin Venis da wannan aiki a 1999. Abin lura a nan shi ne rabon da fim ɗin ya yi: baitin waliyyi da jama'a na namiji ne, ita macen sai tsurar murya. Faifan Madman of God, wanda ya biyo baya da shekara biyu, kamar amsa ce ga wannan rabo, domin a cikinsa macen ta karɓi baitin da bakinta.

Lokacin kuwa kasuwar Rumi na ci a Amurka. Littafin The Essential Rumi na Coleman Barks, wanda ya fito a 1995, ya sayu ƙwarai, alhali Barks bai iya Farisanci ba. Tsofaffin fassarorin Turanci ya sake wa zubi, kuma masana da dama sun zarge shi da zare ayoyi da hadisai daga baitocin, har Rumi, malamin fiƙihu da ya rasu a Konya a 1273, ya koma kamar mawaƙin soyayya maras alƙibla. A 1998 har Madonna ta karanta irin waɗannan fassarori a wani faifai. Deyhim ta ƙi bin wannan hanya mai sauƙi. Ta bar baitocin cikin harshensu, ta riƙe tsofaffin karin waƙar da Iraniyawa suka sani, abin da ta sake shi ne rakiyar: ta kawo Reggie Workman, makaɗin jaz da ya yi aiki da John Coltrane, da Glen Velez, gwanin ganguna dangin bandiri. A 2002 Bill Laswell ya sake sarrafa faifan da na'ura ya fitar da shi da sunan Shy Angels.

Wannan zaɓi yana da nasa hasara. Baturen da ya sayi faifan ya sami kari da zafin murya, ma'anar kuwa ta wuce shi, sai abin da ya tsinta a takardar cikin kwali. Gazali, a babin da ya ware wa sauraren waƙa cikin Ihya'u, ya kawo sharuɗɗa uku daga Junaidu: lokaci, da wuri, da abokan zama. Zauren da ake shiga da tikiti, a zauna bisa kujera mai lamba kusa da wanda ba a sani ba, a tashi da tafi, da wuya a ce ya cika ko ɗaya. Saboda haka kuskure ne a kira abin da Deyhim ke yi zikiri. Waƙa ce ta mai fasaha da ta ɗauko baitin Sufaye, kamar yadda Nusrat Fateh Ali Khan na Pakistan ya bambanta ƙawwalin da yake yi a hubbaren waliyyai da abin da ya naɗa a ɗakin faifan Peter Gabriel. Bambancinsu shi ne Nusrat yana da hubbaren da zai koma. Ita dandalin Turawa shi ne wurin da aka bar mata, kuma duk wanda zai yi mata hukunci da sharuɗɗan Junaidu ya kamata ya fara da wannan.

Daga baya ta yi aiki da Neshat a wasan Logic of the Birds, wanda aka gina kan Manɗiƙuɗ Ɗairi na Fariduddin Aɗɗar, aka nuna shi a New York a 2002. An ji muryarta a finafinan The Kite Runner na 2007 da Argo na 2012, inda ta zama abin da masu fim na Amurka ke nema idan suna son ɗan kallo ya ji ƙamshin Gabas, aikin da bai kai darajar faifanta ba. A 2015, a Los Angeles, ta gabatar da The House Is Black, wasan waƙa da hoto kan Forough Farrokhzad, marubuciyar waƙoƙi ta Tehran da ta rasu a haɗarin mota a 1967 tana da shekara 32. A Iran kuma, cikin Disamban 2024, wata matashiyar mawaƙiya mai suna Parastoo Ahmadi ta yi waƙa ita kaɗai a wani tsohon masaukin ayari, ba ƴan kallo, ta sa a YouTube. Bayan ƴan kwanaki aka kama ta.